Zoben Mama a Bakin Zane

Asabar, 5 ga Yuli
Ƙanwata Zuwena ta iso daga Maskat da 'yarta Shemsa, hutu. Tun kafin su sha shayi aka fara zancen jirgin ruwan Makame, mai kai baƙi teku, da kallon kifi a ƙarƙashin ruwa. Na san aikina. Kowace shekara ni ce mai zama kan tabarma a bakin teku ina gadin jakunkuna. "Yaya Mwanaidi ai ta fi akwatin ƙarfe," in ji Zuwena. Yabo ne wai.

Litinin, 7 ga Yuli
Wayoyi, fasfo, agogo, duk a cinyata. Sai zoben zinariyar Mama, wanda Zuwena ta zare ta miƙo min. Ni na yi jinyar Mama har ta cika, amma zoben hannun Zuwena ya tafi. Ban taɓa magana ba. Na ƙulle shi a bakin zanen da na yafa, ƙulli biyu, kamar yadda Mama take yi.
A nan Matemwe, bakin tekun, aka haife ni, amma ban taɓa ganin abin da suke zuwa kallo ba.

Talata, 8 ga Yuli
Innalillahi.
Shemsa ta fito daga ruwa riga ta manne mata a jiki, ga mazan jirgi tsaye suna kallo. Ban yi tunani ba, na cire zanen na lulluɓa mata. Ta ce, "Kai Inna, kamar gawa!" Ta yi dariya ta koma cikin ruwa da shi. Da ta dawo, bakin zanen a warware.
Mun tona yashi har magariba. Babu.

Laraba, 9 ga Yuli
Zuwena ta ce, "Ba komai, Yaya, ƙaddara ce." Da ma zagina ta yi. Daga baya na ji tana tambayar Shemsa a ɗaki, "Kin tabbata kin ji ƙulli a zanen?"
Ashe har nan aka kai.
Na rasa gane laifina. Sutura na kare, amana ta faɗi. Malaminmu na allo bai taɓa gaya mana wadda ake fara riƙewa ba idan hannu ɗaya ne.

Juma'a, 11 ga Yuli
Zuwena ta sayo 'yar jakar roba mai igiya, wadda ruwa ba ya shiga. A wuya ake ratayawa, a yi iyo da ita. Ta nuna min tana murmushi: "Kin huta, Yaya." Fasfo kuma ta kulle a akwatinta, ta rataye makullin tare da wayar.
Roba. Ita ce ta gaje ni.

Asabar, 12 ga Yuli
Ban fita ba. Na ce kaina ke ciwo. Allah Ya yafe min, ba ya ciwo.

Lahadi, 13 ga Yuli
Na bi su, don kada a ce fushi nake. Na zauna kan tabarma, gefena ba komai sai takalma. Makame ya leƙo: "Malama Mwanaidi, yau silifa kike gadi? Wa zai saci wannan tsohon?" Ya miƙo gilashin fuska da bututun numfashi. Na ce zoben zan duba.
Na shiga da doguwar rigata da wando, Shemsa na riƙe da hannuna. Na kurɓi gishiri sau biyu. Sannan na gani. Wani kifi rawaya ya tsaya yana kallona kamar ni ce baƙuwa. Subhanallah. Shekara da shekaru ina zaune da wannan a bayan gidanmu.
Zoben ba ya nan. Ba a wajen ma ya faɗi ba, na sani.
Zuwena har yanzu ba ta kallon idona, ni ma ban huce ba.
Na ce wa Makame gobe ma zan sake dubawa.