Lambar da na rubuta a baibai

Laraba da dare, Batsari

Na kasa cin tuwon. Laifina ne, ba na injin ba.

Tun safe mutanen Ruma da aka koro daga gidajensu suke layi, ina shigar da sunayensu don rabon hatsi. Kwamfutar tana ta jan ƙafa, saboda manhajar ajiyar bayanai ta cinye mata ƙarfi. Sai na rubuta ɗan umarni da zai nemo manhajar rajista tana cikin aiki, ya ba ta fifiko. Na sa mata lambar fifiko sha tara, a zatona babbar lamba ita ce gaba. Ashe ita ce ƙarshen layi, sai manhajar ta ƙara jan ƙafa.

Na yi ƙoƙarin mayarwa, ta ƙi. Kowa yana iya rage fifiko, amma ɗagawa sai da kalmar sirrin Ogan ofishinmu, shi kuwa yana Safana, wayarsa ba ta shiga. In na rufe manhajar, sunayen da ba ta gama adanawa ba sun ɓace.

Wata tsohuwa, Inna Hajo, ta daɗe tsaye a gabana kafin sunanta ya fito.

"Ɗan nan, na shiga?"

"Saura kaɗan, Inna."

"To, Allah ya yi maka albarka. Jikokina ba su karya ba."

Da la'asar aka sallami sauran, aka ce su dawo gobe. Na bar kwamfutar a kunne kan batirin sola, ban san ko zai kai asuba ba. Ya Allah, da wane ido zan dube su?