Man Shafawar Karena da Ganyen da Ba a Faɗa Mini Ba

Zuwa ga mai girma Dakta, mai shagon magungunan dabbobi a unguwar Abbasiya, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, na rubuto maka a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a abin ya same ni, kuma sau uku ina zuwa shagonka ana sallamata da ma'alish, wato in yi haƙuri.

Na ɗaya. Ni dattijo ne mai karantar da ɗaliban ƙasarmu fiƙihu a Hayyin Ashir. Ina da kare mai gadin ɗakin ajiyar da 'yan kasuwa suka ba ni amana, abin da shari'a ta halatta. Ƙaiƙayi ya kama shi har gashin wuyansa ya zube. Na kawo maka shi ka duba, ka ce ba ƙazuwa ba ce, fatarsa ce ba ta jituwa da wani abu. Ka miƙo mini man shafawa na waje, rubutunsa ba Larabci ba, ba Ingilishi ba.

Na biyu. A jikin gwangwanin akwai hoton ganye mai yatsu. Wallahi rama na ɗauke shi, irin wadda mahaifiyata ke kwaɗawa a Zariya, har na yi hamdala da Allah Ya sanya waraka a cimar talaka. Ba ka faɗa mini daga wiwi aka tatso shi ba. Mako biyu yana kan kantar littattafaina, daidai inda nake zaman karatu.

Na uku. Ɗalibai sun gane ganyen, kunya ta hana su tambayata, amma ba ta hana maganar yawo ba. Zauren da ke cika ya koma mutum huɗu. Wani uba ya bugo waya daga Kano ya janye ɗansa.

Ba fatawa nake nema ba. Na san bambancin abin da ake sha don maye da abin da ake shafawa don magani. Ƙaiƙayin ma ya ragu, ba zan ɓoye ba. Amma haƙƙina ne in san abin da na shigar gidana, a ƙasar da nake zaune da takardar iƙama, wato izinin zaman baƙo.

Don haka ina roƙonka ka rubuta, da sa hannunka da hatiminka, abin da ke cikin man nan, da matsayinsa a dokar ƙasar nan, da cewa kai ka ba ni shi domin kare. Ka kuma sauya masa magani, domin na daina shafawa, ya koma susa har yana jini. Ranar Asabar zan karanta takardarka a zaure, ko mutum ɗaya ya rage.

Allah Ya albarkaci sana'arka, Ya tsare maka mutuncinka.

Wassalam.

Dattijo mai karantarwa, Hayyin Ashir, Alƙahira.