Hannun da Ya Kaɗa "Ruwan Toka"

Malang, 19 ga Agusta, 2018

Zuwa ga ɗana Prasojo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga ƙarafan jirgin da kuke ɗagawa da wutar walda, Ya sa albarka a guminka. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi tun da na daina zuwa kasuwa da ƙafa. Cikin ƙanwarka Lastri ya shiga wata na bakwai, ta yi nauyi, ba abin da take so sai ɗanyen mangwaro da gishiri, mijinta ya zama ɗan hawan bishiya da girmansa. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali kowace Lahadi muna waya. Abin da ke bakina ne ya ƙi fita ta waya, sau uku ina ɗauko shi ina mayarwa. Abokin aikinka Widodo zai koma wurinku Ulsan ranar Alhamis, shi zan ba ya damƙa maka hannu da hannu.

Iyayen budurwarka Ratih sun sake aikowa daga Blitar, suna tambayar wa zai jagoranci zuwa neman auren. Na ce musu ƙanena Gunadi, don tun rasuwar babanka ba ka da wani uba da ya wuce shi. Kai kuma ka ce mini gara a tura mai unguwa. Ka ce kawun naka ya ɗauki muryarsa ya gudu ya bar mahaifinka da ƙungiyar kiɗansu ta Jirgin Asuba a lokacin da suke kan ganiyarsu, kuma Allah Ya nuna masa iyakarsa, don faifansa biyar da ya yi shi kaɗai in an haɗa su ba su kai minti biyun jitar babanka a cikin "Ruwan Toka" ba. Ka ce ku da abokanka kun zauna a ɗakin kwananku kun saurari duka, kun yanke hukunci. Ban musa maka a wayar ba, kai kuma ka ɗauka na yarda ne.

Wani ɓangaren na yarda. Ni ma ina da kunne, kuma na riga ka jin su, tun suna gwaji a garejin gidanmu maƙwabta suna jifan kwanon rufin. Waƙoƙin Jirgin Asuba sun fi. Muryar kawunka Gun irin wadda sai an tunkuɗa ta ce, kuma babanka ne mai tunkuɗa ta. In ya matsa tsirkiya sai ka ji Gun ya bi shi sama kamar an taka masa ƙafa. Da ya koma shi kaɗai ba mai matsa masa. Faifansa biyu na farko sun cika ƙarar na'ura, ba jini a jikinsu. Na ukun, wanda ya yi bayan ya dawo daga Hajji, ina son sa, ina sa shi in ina guga. Sauran biyun shi da kansa yakan ce sun dace da tokare ƙafar tebur. To ka ga ban zo in yi maka gardamar wannan ba. Minti biyun nan da kake taƙama da su nake so mu yi magana a kai.

A farkon 1993, kana da shekara huɗu, babanka ya fara yar da ɗan ɓallin robar da yake kaɗa tsirkiya da shi. Yana cikin kiɗa a ɗakin baya sai in ji ƙas, ya faɗi a siminti. Ya duƙa ya ɗauka, can an jima in sake jin ƙas. Na tsokane shi na ce Hartoyo tsufa tun yanzu, ya yi dariya ya ce gumi ne. Daga baya cokali ya fara suɓuce masa, sai maɓallin riga ya gagare shi. Muka je wurin wani likita a Surabaya ba tare da kowa ya sani ba. Ya ce ciwon jijiya ne da ba ya tsayawa, daga hannun dama zai koma hagu, ya bi jiki. A mota muna dawowa, sai da muka wuce Lawang sannan babanka ya ce saura waƙa uku a faifan.

Ranar da za a ɗauki "Ruwan Toka" ina wurin, na kai musu shinkafa a ganyen ayaba. Tun hantsi yake gwadawa, yatsun suna tsayawa a tsakiyar hanya. Da azahar ya kori kowa, ya ce su je su ci abinci kada su dawo sai an kira su. Muka rage ni da shi da Gun da mai ɗaukar sauti, Allah Ya jiƙansa. Sai babanka ya cire jitar daga wuyansa ya rataya wa Gun. Ba ka taɓa sanin kawunka ya iya ba, ko? Babanka ne ya koya masa tun lokacin da yake zuwa zance wurina, don ya samu ya rufe masa baki kada ya kai rahoto gida. Gun ya ce Yaya Toyo wasa kake, babanka ya ce ya ga alamar wasa a fuskarsa? Ya zauna a gabansa gwiwa da gwiwa yana rera masa kiɗan da baki, Gun yana bi. Sau goma sha bakwai, na ƙirga. Yana ta yi masa faɗa, wai yana sauri kamar wanda mota za ta bari, wai ya bar tsirkiyar ta gama kukanta kafin ya sake ta. A na ƙarshen ba wanda ya motsa. Da aka sake sa mana muka ji, babanka ya daɗe yana kallon hannunsa a kan cinya, sannan ya ɗago ya ce, ɗan banza, ashe ka fi ni. Yana murmushi ya faɗa, amma ban taɓa ganin murmushi irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Faifan ya fita, ƙasa ta ɗauka, aka shirya musu zagayen garuruwa ashirin. Babanka ya san ba zai iya tsayawa gaban mutane ba. Ka san shi da girman kai, ko da yake kai a kan gado ka fi saninsa. Ya ce ba zai yarda a tuna da shi a matsayin abin tausayi ba, a riƙa kawo masa ayaba ana shafa masa kai. Ya kira Gun nan tsakar gida, ya ce ya fita ya gaya wa 'yan jarida ya bar ƙungiya, zai yi waƙa shi kaɗai, ta haka Jirgin Asuba zai tsaya ba wanda zai tambayi hannun kowa. Gun ya yi kuka, ya ce a nemo wani makaɗin, a faɗi gaskiya, mutane za su fahimta. Babanka ya ce in dai ya ɗauke shi yaya to ya yi masa wannan. Ya sa mu duka biyu muka yi alkawari. Ni matarsa ce kuma yayar Gun, ina tsaye ina kallo aka ɗora wa ƙanena wannan kaya. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina neman dalilin da ya sa ban ce a'a ba.

Sauran ka karanta a tsoffin jaridun da kake tarawa. Suka ce kwaɗayi ne, suka ce ya ga ya yi suna ya raina abokai. Wasansa na farko a Kediri da takalma aka tare shi, wani ya haɗa da dutse. Tabon girarsa da ya ce maka faɗuwa ya yi a babur, daga nan ne. Abin da ba ka lura ba, kai da abokan naka masu hukunci, shi ne a duk faifansa biyar, da duk dandamalin da ya hau, bai taɓa riƙe jita ba. Yana hayar makaɗa, wasu nagari wasu gara babu. Na taɓa ce masa Gun, ka kaɗa da kanka mana, waƙoƙin nan suna neman hannu. Ya ce Yaya, duk mai kunne in ya ji ni minti ɗaya zai gane. Abin da zai ɗaga waƙarsa yana hannunsa, ya ɓoye shi ya zauna ana ce masa ragowa.

A watannin ƙarshe, da maganar babanka ta ɗauke, Gun yana zuwa kullum ta ƙofar baya ya yi masa wanka ya juya shi. Kai kana makaranta a lokacin. Wata rana da la'asar babanka ya kafe jitar da ke rataye a bango da ido, ya juyo ya kalli Gun, ya sake kallon jitar, yana wani gurnani a maƙogwaro. Ya yi haka ya fi sau biyar, hawaye yana bin kunnensa. Muka tambaye shi, a sauko da ita? A fitar da ita? A ba Gun? Ba ya iya ko gyaɗa kai. Bayan kwana tara ya cika. Gun ya ɗauka tunatar da shi alkawari yake yi. Ni kuwa har yau zuciyata tana ce mini sakinsa yake yi, cewa yake ɗauki ka kaɗa, ya isa haka. Ba mu sani ba, kuma ba wanda za mu tambaya. Jitar tana nan inda ka san ta. Wani lokacin da rana tsaka ina tsince shinkafa sai in ji ƙas daga ɗakin bayan. Na san ƙadangare ne ko kwano ya ji rana, amma sai na tashi na leƙa.

Shekaranjiya Juma'a, bikin 'yancin kai, an gayyaci Gun wasa a filin ƙwallon Kepanjen bayan la'asar, matarsa Endang ta matsa sai na bi su. Suka ajiye mini kujera a gefen dandamali, ta baya. Filin cike da maza masu furfura da tumbi, sanye da baƙaƙen riguna masu hoton babanka yana ɗan shekara talatin, ya fi ka ƙuruciya a fuska. Duk inda na juya shi ke kallona. Gun ya yi waƙoƙinsa huɗu, mutane suna hira suna sayen gyaɗa. Wani daga gaba ya ɗaga murya ya ce maci amana, a ba mu na Toyo. Gun ya yi dariya ya ce ya gode Baba, a gaida jikoki. Sai ya ba da alama aka ɗauko "Ruwan Toka", filin ya tashi gaba ɗaya. Da aka zo wurin jitar sai ya sa makaɗinsa ya yi shiru, ya bar wa jama'a, dubban mutane suna rera kiɗan da baki suna kiran Toyo, Toyo. Shi kuma ya ja da baya ya sunkuyar da kai, ya mai da hannuwansa bayansa kamar ɗalibi gaban malami. Ni kaɗai nake ganin bayan nasa. Jo, ɗana, yatsunsa na hagu suna tafiya a kan wuyan hannun damansa, ɗaya bayan ɗaya, ba su kuskure ko guda ba, har inda ake jan tsirkiyar a riƙe. Ya riƙe ta, bai yi sauri ba. Na kafe hannun nan da ido, sai da Endang ta kama ni ta ce ko a kawo ruwa.

Jiya da safe na je maƙabarta na gaya wa babanka zan rubuta maka. Na ce masa na riƙe iya riƙona, in laifi ne ya yafe mini, amma ba zan bari ɗansa ya shiga aure da ƙin mutumin da ya yi jinyar ubansa ba. Kada ka ce an yi maka ƙarya a komai. Faifai biyun farko na Jirgin Asuba hannun babanka ne daga farko har ƙarshe, haka waƙa shida a na ukun. Ko "Ruwan Toka" ɗin daga kansa ta fito, da bakinsa ya rera ta. Na san duk da haka na ɗauke maka wani abu da kake ji da shi tun kana yaro, kuma kana can kai kaɗai ba wanda zai zauna kusa da kai in ka gama karantawa. Ka yi fushi da ni in za ka yi, na cancanta. In kuma da babanka ne, ka yi masa addu'a tukuna.

Kawunka bai san na rubuta ba, in ya ji zai yi wata bai taka gidan nan ba. Ko ka nuna masa ka sani ko ka bari, wannan naka ne. Iyayen Ratih suna son amsa kafin Maulidi. Abu ɗaya zan ƙara. Makon jiya Gun ya kawo mini wani ƙunshi ya ce in ajiye masa a kabad ɗina. Sabuwar rigar batik ce, yadin nan namu mai zane, mai dogon hannu, ruwan ƙasa, irin ta zuwa neman aure, ya kai an ɗinka masa. Ya ce kada in gaya wa Endang, don in ba a kira shi ba kada ta ji kunya a madadinsa. Na tambaye shi in ba a kira ka ba fa? Ya ce sai in ba mai unguwa, ai tsayinsu ɗaya.

Lastri da mijinta suna gaishe ka, haka goggonka Sumarni ta Batu, ta ce ka daina aiko hoto ba hula in sanyin nan naku ya shigo. Ka gaida Widodo ka yi masa godiyar ɗaukar saƙo, ka gaida Ratih in kun yi waya, ka ce ina sa ta a addu'a. Allah Ya tsare ka, Ya dawo mini da kai lafiya, Ya jiƙan mahaifinka Ya yalwata masa kabarinsa.

Wassalam, ni ce mahaifiyarka,

Wuryani