Da Kunne Na So Ki, Zinariya

Daura,
Talata, cikin damunar 2005.

Zuwa ga Zinariya, sanyin idona, ruwan sabuwar randa a tsakar bazara, inuwar da nake tunawa duk lokacin da rana ta gasa ni a kan ƙarfe, mai muryar da ta hana ni sakat shekara uku cur. Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Iya da duk mutanen gida.

Ki dubi abin dariya, masoyiyata. Ni Kalilu, da nake hawa turken sadarwa in gyara wa mutanen Daura sabis, ɗan kasuwa ya kira Legas yana kishingiɗe a rumfarsa, tsohuwa ta ji muryar ɗanta daga Makka, yau ga ni da takarda da biro kamar ɗan firamare. Kwana tara ke nan da aka karɓe wayarki. Kwana tara ina kiran lambar da na san a kashe take, don kawai yatsana ya saba da hanyar. Iya ce ta yarda za ta miƙa miki wannan takarda, Allah ya saka wa tsohuwar nan da gidan Aljanna.

Na san abin da aka faɗa miki. Baffanki Maharazu ya je gaban mai unguwa da malamai, ya rantse cewa ya gan ni a ƙololuwar turken da ke bayan unguwarku, da tabaron hangen nesa a idona, ina leƙen tsakar gidanku, mata suna shanya ba lulluɓi. Ya ce tun da aka ƙaddamar da shari'a bai ga rashin kunya irin wannan ba. Yanzu kuma yana matsa wa Babanki lamba a mayar mini da kayan sa rana ranar Alhamis bayan azahar, sai fa idan na yi alkawarin barin hawa har abada.

To ki ji daga bakina, don ban iya noƙe-noƙe ba. Ba zan bar hawa ba, ba kuma zan bar ki ba.

Ga yadda abin ya kasance, da laifina a ciki. Kin san al'adarmu: mai gyaran soro ko mai hawan dabino ba ya hawa sai an sanar, mata su shiga ɗaki ko su yafa mayafi. Ni ma tun da aka kafa turken nan ban taɓa ɗora ƙafa a matakalarsa ba sai na je wurin mai unguwa ya tura mai shela ya zagaya lunguna. Ran nan iskar hadari ta juya farantin sadarwa da ke sama, sabis ya ɗauke daga nan har ƙauyukan wajen Zango. Aka yi shela cewa zan hau da hantsi. Sai ruwa ya tsuge, kuma ba mai hankalin da zai rungumi ƙarfe ana tsawa. Da la'asar gari ya washe, ofis suna ta kirana a layina na wani kamfanin, na ɗaura ɗamara na haye, ban koma an sake shela ba. Shelar safe ba ta rufe la'asar. Wannan kuskurena ne, na amsa shi a gaban mai unguwa, na ba matan unguwa haƙuri gida gida ta bakin mazajensu, kuma har gobe ina jin kunyarsa.

Amma leƙe? Farantin nan ba ya aiki sai ya kalli ɗan uwansa da ke kan turken Zango ido da ido, in ya kauce da faɗin tafin hannu magana ta yanke. Da tabaron nake nemo wancan turken a can ƙarshen gonaki. Ni na ce a gina gidanku a kan hanyar gabas? Ni na ɗora Zango a bayan rufinku? Wanda yake reto a kan igiya, iska tana kaɗa shi, hannu ɗaya da sifana, baki yana ta salati, ina ya ga zarafin kallon tsakar gidan mutane? Daga can sama Daura rufin kwano ce da kan bishiyar darbejiya, mutum kuwa bai fi tururuwa ba. Na ce da Baffa Maharazu a gaban jama'a, da ladabi, ya zo in ɗaura masa ɗamarata mu hau tare, in ya iya bambance mace da turmi daga can, na yarda da duk hukuncin da za a yanke mini. Sai ya ce gwiwa tana damunsa.

Gwiwar nan dai ba ta dame shi ba bara waccan, kafin a kafa turkenmu, lokacin da yake hawa kan soronsa kullum da yamma, waya a sama yana neman sabis, yana juyi kamar mai kiran tantabaru, gidaje huɗu a ƙarƙashinsa. Wa ya taɓa jin an yi masa shela? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma kiran da ya yi ya tara 'yan uwa a kaina, ta farantin da na miƙe ran nan ya bi. Ban ce ya gode mini ba. Ina dai so ya tuna cewa shari'ar da yake ambato ita ce ta ce zato zunubi ne, ita ce ta ce mai ƙara ya kawo shaida.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Zinariya, shi ne an zarge ni da ido, alhali ni da kunne na so ki. Kin tuna? Lokacin ina aikin wayar tarho ta gida, kafin salula ta zo ta kashe mana kasuwa. Baba ya kai ƙara cewa wayarsa ta mutu mako biyu. Na zo na tarar gara ta cinye igiyar wayar a jikin katangar zaure. Na ja sabuwa, na haɗa, sannan na ce a sa wani ya ɗaga kan wayar da ke cikin gida in gwada layi. Ina durƙushe a zaure da wayar gwaji a kunne, ina jiran muryar wani ƙato, sai na ji sallama a hankali, aka ce ana ji. Kalma biyu kacal. Wallahi sai da filaya ta suɓuce daga hannuna. Layin nan ya gyaru tun gwajin farko, garau kamar ruwan rijiya, amma na ce akwai ƙara, a sake ɗagawa. Na sake cewa akwai ƙara. A na ukun kika yi dariya, kika ce ke dai ba ki jin ƙarar komai sai numfashin mai gyara. Idan akwai laifin da na taɓa yi a gidanku, wannan ne, kuma ban tuba ba.

Wata biyar ban san kalar fuskarki ba. Ban tambayi kowa doguwa ce ko gajera ba. Na turo magabatana kan murya kawai, har abokaina suna mini tsiya wai na sayi akuya a cikin buhu. Ranar da aka ba ni izinin zance kika fito zaure, na ɗaga kai sau ɗaya na sunkuyar, don abin ya fi ƙarfina. Mutumin da ya jure wata biyar a bakin ƙofa, shi ne zai hau ƙarfe mai tsawon gaba talatin don ya saci kallon abin da saura wata biyu a ba shi halal? Haba!

Suna cewa in bar hawa in kama wata sana'a. In na sauka yau saboda ƙarya, na sa hannu ke nan cewa gaskiya ce. Gobe 'ya'yanmu za su wuce a nuna su a ce ga 'ya'yan mai leƙe. Ba zan kai ki gidan da aka gina a kan wannan suna ba. Aikin nan da shi nake ci, da shi zan ciyar da ke, kuma ina son sa. Ranar da matar wani ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye bayan Sandamu aka samu aka kira mota, ban san sunanta ba, amma na san ta wane ƙarfe kiran ya bi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Jibi da safe ma zan hau, an riga an gaya wa mai shela, zai zagaya sau biyu, kuma in ruwa ya tsare ni zai zagaya na uku.

Abu ɗaya nake tsoro a duk duniyar nan, kuma ba faɗowa ba ne. Iya ta gaya mini Baba bai yanke hukunci ba tukuna. Ya ce kafin a zauna ranar Alhamis zai kira ki ɗakinsa, a gaban Iya, ya tambaye ki ko a mayar da kayan. Na san ki, farin cikina. Na san kunyarki, na san za ki sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi, hawaye yana zuba, ki kasa cewa uffan. Su kuwa za su ce shirun budurwa yarda ne, su ɗaure akwatunan su aiko mini. Zan iya tsayawa gaban mai unguwa, gaban malamai, gaban Baffa Maharazu da duk wanda ya tara. A ɗakin nan ne kawai ba ni da ƙafar shiga.

Saboda haka ina roƙonki, don girman Allah, ki yi magana. Ba na neman ki ɗaga wa Baba murya ko ki kare ni da dogon bayani. Ki ce a bar kayan. Kalma uku ce, ɗaya kawai ta ɗara waɗanda kika faɗa mini ran farko, kuma da waɗancan biyun kika riƙe ni shekara uku.

Ranar Alhamis bayan azahar zan zo in zauna a zaurenku, daidai gurbin da na durƙusa da wayar gwaji. Igiyar da na ja tana nan a jikin katanga, ko da yake layin ya daɗe da mutuwa. Ba zan leƙa ba, ban taɓa leƙawa ba. Zan dai kasa kunne.

Naki a ƙasa, naki a sama, naki har ranar da za a sauke ni a makara,

Kalilu mai hawan turke.