Tiren Hamsatu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau dai mun zama mutane. Shekaru ina tsintar tsakuwa a cikin riɗin Alhaji Jalo da sunan wucin gadi, sai yau aka miƙo mana takardar kama aiki, kowa da tata. An ɗaga albashi zuwa sabon mafi ƙarancin nan da ake ta magana a rediyo, ga katin asibiti, ga hutun haihuwa da biya. Ni kuma an ba ni shugabar layi. Ni Saudatu. A keke ina ta murmushi ni kaɗai, har direban ya riƙa leƙena ta madubi.

Malam Babayo ya yi ƙoƙari, ba na ɓoyewa. Tun da ya zo manaja yake bin Alhaji a kan maganar nan, bai gaji ba. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, amma idan ya kama abu sai ya ga bayansa. Allah Ya saka masa.

Sharaɗi ɗaya ne. An kafa na'urar dangwale a bakin ƙofa, a sa babban yatsa da safe, a sa da yamma. Da ita za a yi albashi. Wadda na'ura ba ta gani ba mako guda, kuma ba hutu aka ba ta ba, ta bar aiki ke nan. Ni ban ga laifi a ciki ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mama Dorcas ta tare ni a wajen sikeli. Ita ce babbarmu a shekaru, daga Yelwa take zuwa, tun kamfanin yana rumfa ɗaya take nan. Ta ce, "Shugaba, riƙon tire fa?"

Na ce wane riƙon tire kuma, bayan ga hutun haihuwa a rubuce?

Ta ce in je in sake tambaya. Na je. Ashe hutun sai wadda ta cika shekara da takardar kama aiki. To duk cikinmu wa ta cika? Shekaranjiya aka ba mu.

Da can abin da muke yi, idan mace ta haihu sai ta turo 'yar'uwarta ko uwarta ta zauna a gurbinta, ta riƙe mata tire har ta gama wankan jego. Ba wanda ya rubuta mana, haka muka tarar. Ni ma ƙanwata ce ta riƙe min lokacin haihuwar fari. Yanzu kuwa na'ura ba ta san ƙanwa ba, yatsa ta sani.

Ga Hamsatu, 'yar layina, cikinta ya kai har wuya. Da ƙyar take sunkuyawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na yi wa Malam Babayo maganar Hamsatu. Ya dafe goshi. Ya ce da na'urar ya shawo kan Alhaji, don Alhaji ya rantse ba zai biya sabon albashi ga fuskokin da bai sani ba. Idan ya buɗe ƙofa ɗaya tun yanzu, duk ginin zai rushe. Ya ce in yi haƙuri, in ba ta haƙuri.

Na fahimce shi. Wallahi na fahimce shi. Na ba Hamsatu haƙurin, ta ce, "To, Anti," ta ci gaba da tsinta. Mijinta tun da ya faɗi a gini bai sake ɗaukar bulo ba. Tiren nan shi ne tuwonsu.

Talata, 12 ga Nuwamba

Hamsatu ta sauka lafiya. Namiji.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Abin da nake gudu ya faru. Da safe sai ga Dada, mahaifiyar Hamsatu, tun daga Zungur, da ɗan ƙullin abincinta da faifanta a ka. Ta zo riƙon tire kamar yadda ta saba ji ana yi. Maigadi ya ce ba ta shiga. Ta ce ai ita ba baƙuwa ba ce, 'yarta ce a ciki, gurbi na uku daga taga. Har yatsanta ta miƙa wa na'urar, abin ya yi ja ya yi ƙara. Ta sake gogewa a zani ta miƙa.

Ni aka kira in sallame ta. Na sallame ta da kyakkyawar magana, na tsayar mata da keke. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "'Yata, to wa zai zauna mata?"

Mama Dorcas tana tsaye tana kallo. Kallon matar nan ya fi faɗanta damuna.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Bari in rubuta wannan tun ban manta yadda aka yi ba.

Mun yi layi a gaban na'ura kamar kullum, Mama Dorcas a gaba. Ta tsaya, ta gaishe da maigadi, ta tambaye shi iyali, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta wuce ciki. Ba ta dangwala ba. Ta bayanta ta kalle ta, ta kalli na'ura, ita ma ta wuce. Haka har layi ya ƙare. Babu ihu, babu ganyen zanga-zanga a hannu, ba wadda ta taɓa kwaɗon ƙofa. Suka zauna suka kama aiki.

Kuma wane irin aiki. Ban taɓa ganin hannu yana gudu haka ba. Tiren Hamsatu suka ajiye a gurbinta, kowa ta gama nata sai ta miƙa hannu ta rage mata. Kafin la'asar buhunan Hamsatu sun cika kamar tana nan.

Na ja Mama Dorcas gefe na ce, "Mama, kin san da na'ura ake albashi? Albashin farko fa kuke wasa da shi." Ta ce ta sani. Ta ce tunda na'ura ta ce Hamsatu ba ta nan, to su ma ba sa nan, sai a kore su tare.

Ni na dangwala. Shugaba ce ni, dole ne.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Haka aka sake yi. Malam Babayo ya fito ya tsaya a bakin rumfa yana kallon buhuna. Ya ce da ni, a lissafin na'ura mace ɗaya ce ta cika tirela jiya. Ya so ya yi dariya, bai yi ba.

Da na ba mijina Mansir labari a gida, cewa ya yi in kama kaina, ba ni na kawo doka ba, ba ni zan gyara ta ba. Gaskiyarsa. Kuɗin makarantar yara a kan sabon albashin nan muka ɗora.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Yau na ga wani abu. Biyu daga cikin matan sun raunana, sun je sun dangwala a ɓoye, ɗaya kuɗin haya ya taso mata. Sauran suka fara yi musu habaici. Mama Dorcas ta ajiye rariya ta ce, duk wadda ta sake buɗe baki a kansu ita za ta fara dangwalawa gobe. Ta ce kowa ta san abin da ta baro a gida.

Da aka tashi, ɗayar ta zo tana kuka tana ba Mama Dorcas haƙuri. Ta ce mata, "Share hawayenki, gobe ma ki dangwala, ni na ce."

Matar nan ko firamare ba ta gama ba, kuma bakinta da kaifi, sau nawa muna haɗuwa a kan sikeli. Amma ni dai ban taɓa ganin wanda ya iya riƙe mutane kamarta ba. Ina son in zama kamarta, kuma ina jin haushin hakan.

Talata, 19 ga Nuwamba

Sunan ɗan Hamsatu. Sun tafi gaba ɗaya bayan an tashi. Na aika da sabulu, ban je ba. Da wace fuska?

Laraba, 20 ga Nuwamba

Makon Hamsatu ya cika. Malam Babayo ya ce gobe za a kawo wata a gurbinta, ni zan zaunar da ita. Ya ce idan aka cike gurbin, sauran za su ga magana ta ƙare, su koma na'ura kafin nasu makon ya cika, shi kuma ya san yadda zai yi da kwanakin da suka wuce. Ceto yake so ya yi, na sani. A cece su duka a bar ɗaya.

Na kasa cin tuwo.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ban shirya ba, Allah Ya sani.

Matar ta zo, bazawara ce daga Wunti, sai sunkuyar da kai take. Malam Babayo a gaba, ita a tsakiya, ni a baya. Muna isa gurbi na uku daga taga, ban san lokacin da na wuce su na zauna ba. Na jawo tiren na fara tsinta.

Ya ce, "Saudatu, mene ne haka?"

Na ce ƙafata ke ciwo, Malam, na gaji da tsayuwa.

Ya ce in tashi a ba matar wuri. Na ce ai babu wuri, da mutum a ciki. Ya daɗe a tsaye a kaina, sannan ya juya ya tafi ofis.

Ita kuwa baiwar Allah tana tsaye ba ta san inda za ta sa kanta ba. Mama Dorcas ta matsa mata a benci ta ce, "Zauna nan, 'yar'uwa, ba da ke muke ba." Ta ba ta rabin riɗinta tana nuna mata yadda ake gane baƙar tsakuwa. Ni da na yi abin, ban ma tuna da matar ba. Ita ta tuna.

Da yamma na manta ban dangwala ba. Mantuwa ce.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Yau ma na manta. Yatsuna sun fara tsagewa, 'yan kwanakin shugabanci har sun lalata min hannu. Mansir ba ya min magana sai gaisuwa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Alhaji Jalo da kansa ya zo. Aka tara mu a tsakar kamfani. Ya ce ya ƙara mana albashi, ya ba mu asibiti, wannan ne godiyar?

Mama Dorcas ta durƙusa ta gaishe shi. Ta fara da godiya, kuma godiya ta gaske, har ta ambaci Malam Babayo da suna. Sannan ta ce, "Alhaji, tun kana da sikeli ɗaya muke haihuwa a kamfanin nan, ba a taɓa rasa buhu ba saboda jego. Takarda ce sabuwa, mu ba sababbi ba ne." Ta ce ba ƙari suke nema ba. A ƙirga shekarar mace daga ranar da ta fara zama a benci.

Alhaji ya tambayi Malam Babayo ko aiki ya ragu. Nan ne ya burge ni. Zai iya kare kansa, don dokarsa ce ake takawa. Ya ce, "Bai ragu ba, Alhaji, ƙaruwa ya yi. Kuma kuskuren daga wurina yake, ni na tsara hutun ban tambaye su yadda suke yi ba." A gaban kowa ya faɗa.

Alhaji ya ce zai yi tunani. Da zai shiga mota ya tambaya wace ce shugabar layin da ta zauna a gurbin. Aka nuna ni.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

An amince. Hutun haihuwa daga ranar fara aiki za a duba, Hamsatu tana ciki, da biyanta. Matar Wunti za ta riƙe gurbin da sunanta da yatsanta har Hamsatu ta dawo, daga nan a duba mata wani. Kwanakin da ba a dangwala ba, an yanke rabi an biya rabi. Ba wadda ta yi ƙorafi. Da yamma Mama Dorcas ce ta fara sa yatsa, har tana yi wa na'urar sannu da kwana biyu.

Ni an sauke ni. Alhaji ya ce shugabar da ba ta zaunar da wadda aka ce ta zaunar ba, ba shugaba ba ce. Malam Babayo ne ya gaya min, ya kasa haɗa ido da ni. Na ce ba komai, Malam. A banɗaki na yi kukana, don ƙarya nake idan na ce ban ji zafi ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na je wurin Hamsatu. Na tarar Dada tana dama mata kunun kanwa. Na gaya musu aikinta yana nan, da albashinta. Hamsatu ta rufe fuska da zanen goyo ta daɗe ba ta buɗe ba. Mijinta yana daga zaure yana ta salati.

Dada ta ce, "To wa ya zauna mata?" Na ce mutane dai, kowa ya taɓa. Ta kalle ni, ta miƙo min jaririn, ta ce in riƙe shi da kyau.

A hanya na haɗu da Mama Dorcas ta dawo daga coci. Wai masu dakon buhu har yanzu wucin gadi ne, ranar Asabar za su zauna a gidanta a kan maganar, ana son wadda ta san yadda ake magana a ofis. Na ce ni ba ruwana, na ga abin da ya ishe ni, kada ma ta sa rai.

Na dai tambaye ta kwatancen gidan, don kada a ce ban sani ba.