Saƙon Manoma Yana Tafiya a Hannuna, Yana Ƙi a Hannun Kawu

Malam Kabo, don Allah ka agaza mini kafin Asabar.

Ni ke kula da kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa a Ajingi, kuma ba yabon kai ba, na san aikina. Muna da sabar, wato kwamfutar da muke shiga daga nesa ta intanet, na rubuta mata ɗan shiri mai tura wa manoma saƙon waya. Makullin kamfanin tura saƙon, wato lambar sirrinmu, na sa shi a variable, 'yar ma'ajiyar bayani, na rubuta layin export mai miƙa shi ga shirin a can ƙarshen .bashrc, fayil ɗin da sabar ke karantawa in an shiga. Duk sanda na shiga ta ssh, hanyar shiga sabar daga nesa, na buga umarni da hannuna, nan take saƙo ke tafiya.

Sakataren ƙungiyar kawuna ne, Badaru, yayan mahaifiyata, tsohon malamin gona, yana zaune a Balan ta Gaya. Don in sauƙaƙa masa na haɗa maɓalli ɗaya a laftop ɗinsa, in ya danna ssh ya aika umarnin, ba sai ya shiga ba. Sau uku yana dannawa, sau uku ana cewa ba a ga makulli ba. Na ukun ranar rabon iri ne, mutanen Toranke ba su ji ba, sai da aka watse suka iso. Raina ya ɓaci, a taro na ce tsoho da kwamfuta sai haƙuri. Aka kwashe da dariya. Yanzu Asabar za a zauna a karɓe masa muƙamin sakatare a ba wani, Inna kuma da ƙyar take amsa gaisuwata. Shirin nan lafiyarsa ƙalau, ko jiya na shiga na gwada. To me Kawu ya taɓa?

Mai Shiri, Ajingi

Mai Shiri, na yarda shirinka ba shi da matsala. Amma Kawu bai taɓa komai ba. Kai kullum shiga kake yi ka gwada, maɓallin da ka ba shi kuwa ba ka taɓa dannawa ba.

In mutum ya shiga ya zauna yana buga umarni, bash, manhajar da ke karɓar umarnin, yana karanta .bashrc har ƙasa. In kuwa umarni ɗaya aka aiko daga nesa, a sabar mai manhajar Ubuntu ko Debian akwai layuka a saman fayil ɗin masu cewa in babu mai zama a tsaya nan. Naka export yana ƙasa, ba a kaiwa gare shi. Ka gwada: ssh, sunan sabar, sai env mai jero duk variable, a layi ɗaya. Makullin ba zai fito ba. Ka mayar da export sama da waɗannan layukan. Abin da ya fi, ka ware wa makullin fayil nasa, ka rufe shi da umarnin chmod 600 don kai kaɗai ka iya buɗe shi, shirin ya karanto shi da kansa.

Haushinka kan mutanen Toranke na gane shi, an yi musu asara. Sai dai a bainar jama'a ka kunyata dattijo kan kuskuren da naka ne. Ka gyara yau, gobe ka shiga mota zuwa Balan, ka durƙusa ka gaya masa gaskiya, ka bar shi ya danna da yatsansa ya ga saƙo ya tafi. Ranar Asabar, kafin a taɓo maganar muƙaminsa, ka miƙe ka faɗa cewa laifin naka ne, da ƙarfin muryar da ka yi waccan maganar.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya ba da damina mai albarka.

Malam Kabo