Ruwan da Umbu Ke Ɓoyewa

Ni Edvania, 'yar shekara goma sha shida, na rubuta wannan da hankalina garau, duk da Gwaggo Zefa na cewa littattafan soyayya sun juya mini kai. Zuwa gare ku ƙannena, Genildo da Lindalva, da nake riƙo tun da Inna ta tafi aikatau birni.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: dogon siket ɗin nan ba ado ba ne. Ƙafafuna sun kumbura. A asibitin garin Uauá an ce zuciyata ta gaji, ruwa ke taruwa a jikina, sai an kai ni babban asibiti. Ban sani ba ko zan dawo. A garin da kowa ke bin ruwa da bokiti, ni nawa ya yi yawa.

Na ɗaya, bishiyar umbu ta bayan ɗaki taku ce ku biyu. Genildo, na ji ka kana wasa gatari, wai ta mutu a yi gawayi. Ba ta mutu ba, sarkin gaggawa. Ganye ta zubar don kada rana ta tsotse ta. Ruwanta na ƙasa, ta tara shi a saiwa kamar manyan doya. Kankare reshe da farce, za ka ga kore. In ƙishi ya tsananta, ku tono guda ɗaya, ku mayar da ƙasa. A gindinta nake karatu, ita kaɗai ta taɓa ganin kukana.

Na biyu, mandakaru, dogon tsiron nan mai ƙaya na bakin shinge, na Lindalva ne. Kada tausayi ya sa ki riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke, ruɓewa zai yi. Da rana ƙunshe kansa yake, sai gari ya huce yake numfashi. In za ku ba awaki, ku yanki reshe ku babbake ƙayar, ku bar gindin.

Na uku, Lindalva, littattafaina ma naki ne. Cikin mai jan bango akwai busasshen fure da na ajiye wa Josimar, mai motar ruwa. Kullum yana cika mini bokiti, ko sannu ban iya ce masa ba. Ke kada ki yi irin nawa.

Na huɗu, Genildo, gabarka da Gwaggo kan makullin tankin ruwa ta isa haka. Ba rowa take ba, tsoro take. Ka je ka gaishe ta.

Allah ya raya ku, ya sa ku ga damina. Ko wa ya zo ya ce zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, ku ce a'a.

Da na yi niyyar tura wannan ƙarƙashin katifa, ku tsinta daga baya. Amma ina so wani ya riƙe mini hannu a motar zuwa asibiti. Lindalva, ina hango ki tsakar gida kina tankaɗen garin rogo. Bari in kawo miki, in tsaya har ki gama karantawa.